Yadda ake kallon namun daji a bakin Kogin Kam na Gashaka Gumti

Gandun dajin Gashaka Gumti, da ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Najeriya, an kuma kafa shi a 1991. Daga duwatsunsa, inda dutsen Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 yake, ruwa ke gangarowa cikin Kogin Kam, wanda mutanen yankin ke kira Mayo Kam. Mai son ganin dabba a nan, da yanayin ruwan kogin zai tsara tafiyarsa.

Da farko ka zaɓi lokaci. Daga Disamba zuwa Maris ruwa ya ja baya, yashi ya fito, ciyawa ta kwanta, ƙananan rafuka sun ƙafe, dole dabbobi su nufo kogi. Idan damina ta kankama, mashigai kan cika, mota ta kasa wucewa, ciyawa kuma ta fi mutum tsawo. Ƙurar hunturu a Janairu takan rufe duwatsu, amma ba ta hana ganin abin da ke kusa.

Ka fara sauka a ofishin gandun da ke Serti, ka karɓi izini, a haɗa ka da ma'aikacin daji, ka tambaye shi halin tsaro da na hanya. Kada ka shiga kai kaɗai. Ka riƙe ruwan sha lita 3 na yini, da tabarau na hangen nesa. Sa riga mai dogon hannu, ruwan ƙasa ko kakin soja, domin ƙudan tsando shuɗi da baƙi yake bi.

Ka isa gaɓa kafin rana ta fito, sannan ka duba iska. Da asuba iska mai sanyi kan bi kwari ta gangara, da rana ta yi zafi sai ta juya ta haura. Ɗebi ƙura ka sake ta: inda ta nufa, can warinka zai je. Ka zauna inda iska ke dukan fuskarka, ka jingina da bishiya, ka yi shiru aƙalla awa ɗaya. Yawancin masu dawowa hannu rabbana, yawo da surutu ne suka kore musu dabbobin. Gwaggon biri yakan riga kowa bayyana, daga baya mazo ko gwambaza su fito a hankali.

Kafin zafi ya busar da yashi, ka karanta sawu. Sawun da gefensa ke da kaifi da danshi na daren jiya ne, wanda ya zube ya kwana biyu. Na dorina yatsu huɗu gare shi, hanyarta kuma layi biyu ce da tudu a tsakiya, za ka ga kashin da ta watsa da wutsiya a jikin ganye. Wannan hanya ba wurin zama ba ce. Dorina da dare take kiwo, ta koma ruwa da asuba, kuma duk wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya jefa ransa cikin haɗari, don ta fi mutum gudu. Idan ta wangale baki, gargaɗi take yi, ka ja da baya. A kududdufin dorina ka tsaya kan tudu. Wanka kuwa sai inda ma'aikacin ya nuna, saboda akwai kadoji a ruwan.

Daga ƙarshen Maris ka sa ido a kan launin kogi. Ana iya yin ruwan sama a kan duwatsu alhali inda kake rana ake ƙwallawa. Da ka ga launin ruwa ya fara komawa ja, yana ɗauke da ganye da ƙirare, ka bar yashi ka hau gaɓa nan take, kada ka ce sai ka ƙetare. Don haka ne ba a kafa tanti a kan yashin kogi, komai laushinsa.