Yadda za ka dasa itacen holi ya yi maka 'ya'ya

Holi, wanda masana tsirrai ke kira Ilex aquifolium, itacen ƙasashen sanyi ne, asalinsa yammaci da kudancin Turai har zuwa duwatsun arewa maso yammacin Afirka. Ganyensa kore ne shar rani da damina, yana ƙyalli, ga ƙayoyi a gefe. Amma yawancin masu sayensa jajayen 'ya'yan nan na hunturu suke kwaɗayi, kuma a nan ake tafka asara.

Akwai namiji, akwai mace. Macen ce kaɗai ke 'ya'ya, ita ma sai da namiji a kusa, don ƙudan zuma su kwaso garin fure su kai mata. Namiji ɗaya ya ishi mata da yawa. Kada sunan da ke jikin tukunya ya ruɗe ka, irin da ake kira Golden King (king wato sarki) mace ce, Golden Queen (queen wato sarauniya) kuwa namiji. In wurin itace ɗaya kawai gare ka, ni irin da ake kira J.C. van Tol nake zaɓa, tana 'ya'ya ita kaɗai, ƙayarta ma ba yawa.

Ƙasa mai danshi yake so, wadda ruwa ba ya kwanciya, mai ɗan tsami. In farar ƙasa ta yi yawa sai ka ga ganye ya yi rawaya, jijiyoyin na nan kore, alamar ya kasa tsotsar sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Yana jure inuwa, sai dai masu ratsin fari ko ruwan gwal sun fi fitar da launi a rana. Sayi ƙarami na cikin tukunya, babba ba ya son a tayar da shi. Ka riƙa ban ruwa shekara biyun farko, ka lulluɓe gindin da ruɓaɓɓen ganye. Girmansa a hankali ne, sai haƙuri.

A shinge ne na fi ganin amfaninsa. Bar kamar santimita 60 tsakanin kowane biyu, in suka haɗe ko kare ba ya ratsawa. Yana jure iskar teku da hayaƙin birni. Wajen aski, a ƙarshen lokacin zafi, yi da ƙaramin almakashi reshe-reshe, don injin yanka yana raba ganye biyu, bakin yankan ya bushe ya yi muni. Sa safar hannu mai kauri.

'Ya'yan abincin tsuntsaye ne, amma suna sa mutum amai da gudawa, don haka a nisanta shi da wurin wasan yara. A jihohin Washinton da Oregon na Amurka tsuntsayen sun baza irinsa cikin daji har ya zama annoba, can kam kada ka dasa.