Kilomita 21 a daji kai kaɗai: inda masu farawa suke tafka kuskure

Ranar da na fara gudun kilomita 21 ni kaɗai a turbar duwatsu, lissafin awa biyu na fita da shi a kaina, don abin da na saba yi ke nan a kan kwalta. Sai da na kwashe awa uku da rabi. Ruwan da na ɗauka na awa biyu ne, abin sawa a baki kuwa ko tunaninsa ban yi ba. Da na zauna daga baya na duba, kusan duk wahalar da na sha daga wannan lissafin guda ɗaya ta fito.

Rabin gudun fanfalaki kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, ko a ina aka auna shi. Amma kilomitar kwalta daban, ta daji daban. ITRA, ƙungiyar da ke auna wahalar irin waɗannan tsere a duniya, tana ɗaukar hawan mita 100 a matsayin ƙarin kilomita ɗaya. Ke nan turba mai kilomita 21 da hawan mita 800, aikin kilomita 29 za ta sa ka, ba a ma zo kan tsakuwa da laka da saiwoyin itatuwa ba. Saboda haka kafin ka fita ka duba jimillar hawan da ke hanyar a taswira, ka mayar da tsawon zuwa awanni, sannan ka auna ruwa da abinci da hasken rana da waɗannan awannin. Atisayen ma haka: gara ka ce yau zan yi awa biyu a kan ƙafafuna da ka ce zan yi kilomita kaza.

Sai kunyar tafiya a kan tudu. Mai farawa gani yake in ya daina gudu ya yi abin kunya, alhali babu mai kallonsa sai tsuntsaye. Zai afka wa tudun farko da ƙarfinsa, ya isa sama yana haki kamar ransa zai fita, ga kilomita 17 na jiransa. Manyan 'yan tseren duwatsu da kansu takawa suke yi in tudu ya miƙe, su dafa cinyoyi da hannu suna turawa. In ba za ka iya yin magana ba saboda haki, koma tafiya.

Gangara ce ta fi yaudara, don a nan mutum yake ganin hutu ya zo. Ni dai a nan na kashe cinyoyina. Tsoro ya sa na riƙa jingina baya, ina miƙa ƙafa can gaba, ina dira da diddige kamar mai taka birki. Kowace dira tsokar gaban cinya ce ke karɓar nauyin jiki tana miƙewa a lokaci guda, irin aikin da ya fi kowane lahanta tsoka. Ba ka ji a lokacin. Sai wajen kilomita ta 16 na ga ƙafafuna suna rawa da kansu, dutsen da bai kai tsayin gwiwa ba sai da na zauna na sauko da ɗuwawu. Gyaran shi ne gajerun taku masu sauri, jiki ya ɗan karkata gaba daga idon sawu, hannuwa a buɗe don daidaito. Ido kuma ya tsaya taku uku ko huɗu a gaba, kada ya manne a kan yatsu, don ƙafa inda ido ya riga ya zaɓa take sauka. Wannan ba a koyonsa da karatu. Ka nemi gangara ka riƙa sauka sau ɗaya a mako tun makonni kafin ranar. In kana son kallon shimfiɗar ƙasa, ka tsaya cak ka kalla. Targaɗe da yawa daga kallo ana gudu suke zuwa.

Batun ciki kuwa, sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan fara ƙarewa bayan kamar minti 90 na gudu mai ƙarfi. A kwalta wani zai iya lallaɓawa ya gama kafin abin ya kama shi. A daji ba za ka tsira ba. Alamarsa jiri, da sanyin jiki, da wata irin fargaba da ba ka san dalilinta ba, sai ka ga kana tuntuɓe da abin da ɗazu kake tsallakewa. Kada ka jira yunwa. Ka fara ɗan sa wani abu mai sukari a baki tun daga minti na 40, ka nemi giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, kuma ya zama abin da cikinka ya riga ya sani a atisaye. Ruwa ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan in ƙishi ya taɓa ka. Wasu kuma don tsoron ƙishi suke ɗura wa cikinsu ruwa zalla fiye da abin da suka zubar a gumi, har gishirin jini ya yi ƙasa, wannan ma kai mutum asibiti yake yi.

Sabon takalmi a ranar gudu, ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmin da ka riga ka yi dogayen gudu da shi, mai haƙora a ƙasa, mai ɗan fili a gaban yatsu, shi za ka sa. Ka yanke farce, ka ɗaure igiya sosai ta wajen idon sawu, in ba haka ba yatsunka za su yi ta dukan gaban takalmi a gangara har farcen ya yi baƙi. Safar auduga tana riƙe gumi, bororo kuma daga nan yake farawa.

Duk waɗannan, a tseren da aka shirya akwai mai gyara maka: ga wurin shan ruwa, ga alamar hanya, ga ma'aikatan lafiya. Kai kaɗai babu ko ɗaya, shi ya sa fita ba tare da an san inda ka nufa ba ya fi kowane kuskure muni. A watan Afrilun 2003 dutse ya danne hannun Aron Ralston a wani kwazazzabo a jihar Utah ta Amurka. Bai gaya wa kowa inda za shi ba, ya yi kwana biyar a wurin, daga ƙarshe sai da ya yanke hannun da kansa. Ba sai abu ya kai haka ba, targaɗe a kilomita ta 12 inda babu sabis ya isa. Ka rubuta wa wani sunan turbar, da inda za ka fara, da lokacin da in bai ji daga gare ka ba zai nemi taimako. Ka sauke taswira a waya yadda za ta buɗe ba intanet, ka cika caji, ka jefa usur da ƙaramar tocila da bandeji a jaka. Ka kuma yanke lokacin juyawa tun kana gida: in ƙarfe kaza ya yi ban kai rabi ba, na koma. A tsakiyar daji, da gajiya a jiki, mutum ba ya yanke wa kansa hukunci mai kyau. Duk mararrabar da ka zo, ka tsaya ka duba taswira, ko da kana ganin ka gane hanyar. Ni na ce na gane, na yi kusan kilomita biyu a turbar da ba tawa ba, na dawo ina zagin kaina.

Makon ƙarshe rage gudu ake yi, ba a rama atisayen da aka rasa a cikinsa. Bayan ka gama kuma kada daɗin washegari ya ruɗe ka ka fita gudu. Tsamin cinya sai a kwana na biyu yake kai ƙarshe. Ni a ranar nan, da baya da baya na sauko matakalar bene, ina riƙe da bango.