Kurakuran da muke yi wajen koya wa yara ƙirga

Ɗan ƙanwata yana da shekara uku da rabi lokacin da uwarsa ta kira ni in ji yadda yake ƙirga daga ɗaya har hamsin. Ya rero su tsaf, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gama sai na tura masa farantin dabino na ce, "Ba ni huɗu." Ya damƙo cikin hannunsa ya miƙo mini. Guda bakwai ne.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan, a gida da makaranta: mu ɗauki hadda a matsayin ƙirga. Yaron da ya haddace jerin lambobi waƙa ya iya. Bai riga ya gane cewa kalmar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan abin da ke gabansa ba. Masaniyar tunanin yara Karen Wynn ta gwada wannan a Amurka a farkon shekarun 1990 da irin tambayar nan ta "ba ni guda kaza". Ta ga cewa yaro yakan fara gane ɗaya, sannan biyu, sannan uku, kuma yakan shafe kusan shekara guda kafin ya kama yadda ƙirga ke aiki.

Gyaran ba ya cin ko sisi. A samo tsakuwa, murfin kwalba ko ƙwallon dabino. Yaron ya taɓa kowane ɗaya da yatsa, ya ture shi gefe, kalma ɗaya ga abu ɗaya. Idan ya gama a tambaye shi, "To, nawa ke nan?" In ya koma ya sake farawa daga ɗaya, alama ce bai kama ba tukuna, sai a ce, "Ɗaya, biyu, uku. Uku ne." A tsaya a kan biyar har sai ta zauna. Ni na fi son yaron da zai kawo cokali biyar daidai a kan wanda ke rera ɗari.

Kada kuma kullum a jera masa abubuwa a layi. Masanin tunanin yara Jean Piaget ya nuna cewa ƙaramin yaro yakan ce layin da aka baza ya fi yawa, alhali adadin bai canja ba. A tara su wuri guda, a warwatsa su, ya sake ƙirgawa ya gani da idonsa.

Sai batun harshe, wanda yake damuna ƙwarai. Yaro ya dawo daga nazare yana "wan, tu, tiri", amma in aka aike shi ya kawo ƙosai uku sai ya tsaya yana kallon mutum. Lambar makaranta daban, ta gida daban, babu wanda ya haɗa masa su. A fara da harshen da yake neman abinci da shi, Turancin ya hau a kai daga baya.

Muna kuma gaggawar damƙa masa fensir. Gane lamba yana gaba da rubuta ta. Ya nemo 4 a jikin kalanda, a agogo, a lambar Keke Napep, ya zana ta da yatsa a ƙasa. Idan ya rubuta 3 ko 7 a juye, ko ya rikita 6 da 9, don Allah a ajiye bulala. Yara da yawa suna haka har wajen shekara bakwai. Wanda ke zuwa Islamiyya ma yana da ƙarin dalili: a lambobin Larabci biyar tana kama da sifili, shida kuma tana kama da 7. A ajiye masa su gefe da gefe a faɗa masa rubutu iri biyu ne.

Idan ya wuce goma, 12 da 21 za su dame shi. A ƙirga tsinken tsintsiya goma a ɗaure da zare, a ajiye biyu a gefe, a ce masa cikakken sunan: goma sha biyu. Ɗauri biyu da tsinke ɗaya kuwa, ashirin da ɗaya.