Yadda zaki koya wa yaro lissafi da wasa a tsakar gida

Yarona na aji uku in aka ce ya karanto jadawalin sau din nan na bayan littafi zai rera miki shi tas kamar waka, amma ranar da na aike shi shago da dari biyar ya sayo kayan dari uku da hamsin ya dawo bai san nawa ne canjinsa ba, abin ya dame ni sosai, don na gane hadda kawai yake yi, lambobin basu zauna masa a kai ba. Daga nan na ajiye fada na koma wasa dashi, kuma abin da zan fada miki duk a tsakar gidanmu nan Tudun Wada muka gwada shi, kusan ba abin da na kashe.

Ki fara tara marfin kwalba ko 'ya'yan tsamiya ko kwallon dabino, ki ware guda 10. Ki ce ya rufe ido, ki kife wasu a karkashin kwano, sauran ki barsu a fili, sai ya bude ido ya fada miki nawa ne a boye. In ya ga 6 a waje to 4 ne a ciki. Kamar ba komai ba ko, amma wallahi yaron da ya san 7 da 3, 8 da 2, 6 da 4 duk goma suke badawa ba tare da ya kirga yatsu ba, tarawa da debewa sun zo masa da sauki har gaba. Ku rika musanya, shima ya boye ke ki canka, wani lokacin ki fadi ba daidai ba da gangan ki ga ko zai kama ki, yara suna son su gyara babba.

Sai wasan kasuwa, shi ne na fi dadewa a kai don yafi kowanne amfani a gurina. Ki yanka kwali ki rubuta 50, 100, 200, 500 da 1000 irin kudinmu, ki jera gwangwanin madara da kwalin ashana da kullin gishiri da duk tarkacen da kike dashi, kowanne ki lika masa farashi. Shi ne mai shago ke ce mai saye, kuma ki kira shi da Alhaji ko Hajiya yadda ake yi a kasuwar Sabon Gari, ki taya, ki ce Alhaji a rage mana mana, nan take zaki ga ya gyara zama ya dauki abin da gaske. In kin yi sayayyar 350 kin mika 500 kar ki ce masa ya debe, ki koya masa yadda 'yan kasuwa ke bada canji da kirgawa sama: dari uku da hamsin, ga hamsin dari hudu kenan, ga dari, dari biyar. Ya duba abin da ya mika miki, 150. Idan ya kware sai ki sayi abu daya sau uku, ashana uku a kan 40 kowanne, kin ga sau ya shigo ba tare da kin ambaci sunansa ba. Rabawa ma haka, ki ce ribar yau 600 ce ku raba kai da kannenka biyu, kowa nawa zai samu.

Abu daya da nake rokon ki, kuma shi ne yafi wuya, ki rike bakinki. Yaro yana tunani yana motsa lebe sai uwa ta gaji ta fadi amsa, ko yayarsa ta riga shi, to an gama, ke kika yi lissafin ba shi ba. Ki bashi lokaci ko da minti daya ne, in ya kuskure kar ki ce kai dakiki ne, ki tura masa marafan gabansa ki ce sake kirgawa mu gani, da kansa zai gano inda ya bata. Kuma ya rika fada da baki kafin ya taba komai.

Wannan dokar ce ke mayar da lido darasi. Ku jefa dayis biyu, dole ya fadi jimla kafin ya motsa dansa, ba wai ya bi gida-gida yana kirga digo ba. Babba kuma dan aji hudu ko biyar ya ninka su, 6 sau 6 ya bada 36, in ya fadi daidai sannan yayi tafiyarsa. Bayan allon lido yawanci akwai na maciji da tsani mai lamba 1 zuwa 100, a nan ki tambaye shi kana kan 47 ka samu 6 ina zaka sauka, tsallake goma din nan daga 47 zuwa 53 shi ne inda yara da yawa suke tuntube.

Dara kuwa ta iyaye da kakanni ce, wadda ake zuba 'ya'ya a rami 12, hudu-hudu, jimla 48. Ku tona ramukan a kasa kawai. Kafin ya kwashi gida ya zuba ki ce ya nuna miki ramin da dan karshe zai fada, sannan ya zuba a gani ko ya canka. Idan maigida yana nan a bashi wannan bangaren, maza da yawa sun iya ta gidan 30 ma wadda ake jera uku a ci, kuma kiret din kwai layi 5 ne sau 6, ya isa allo.

Tunda a makaranta da turanci ake musu, duk amsar da ya bada da Hausa ki sa ya maimaita ta da turanci, sannan in an tashi wasa ya dauko littafi ya rubuta guda biyu ko uku daga abin da kuka yi, misali 500 a debe 350 saura 150, don ya gane abin da yayi da hannu shi ne dai wanda malam ke rubutawa a allo kuma shi zai tarar a kwaman entarans, wato jarrabawar shiga sakandare. Minti 15 ya isa, mu bayan an taso islamiyya an ci abinci muke yi, kuma ki tsaya tun yana so, kar ki bari sai ya fara hamma.

Waya ban hana ba, akwai manhajar koyar da yara mai suna Khan Academy Kids, kyauta ce kuma ba talla a ciki, ta kananan yara ce har zuwa wajen shekara 8, sai dai da turanci take kuma in kika mika masa kika tafi kicin zai rika dangwala ne har ya dace da amsa. Ki zauna kusa dashi, in ya danna daidai ki tambaye shi ya akayi ka sani, in ya kasa bayani ki ajiye wayar ki dauko marafan kwalba ku sake yin wannan tambayar a kan tabarma.