Tsohuwar mota: a gyara ta ko a kai wa 'yan gwangwan? Kurakuran da aka fi yi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, motar Kwatano ta fi ƙarfin mai albashi. Kowa ya koma lallaɓa tsohuwar da ke hannunsa, kuma ban ga laifin kowa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yanke hukunci a kan mota ba tare da an leƙa ƙarƙashinta ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna ran mota da inji. Wani da ya ga tana shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaki sai ya ce ta mutu, wani kuma tunda tana tashi da bugu ɗaya sai ya ce da sauranta. Dukansu ba su duba inda ya dace ba. Inji da giya ana sauke su a ɗora wasu, ga su nan jibge a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Shasi, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikin mota, shi ne ba a sake shi cikin sauƙi. Ka hau da ita kan rami a gareji, ka sauka da kanka da tocila da sukundireba, ka caccaki duk inda tsatsa ta kama, musamman mazaunin ƙafafu. Idan ƙarfen yana ɓurmawa kamar tsohuwar ƙwarya, magana ta ƙare. Idan kuma hatsari ta yi, duba ko ƙofofi suna rufuwa daidai, ko tana ja gefe guda, ko taya tana cinyewa ta ɓangare ɗaya duk da an yi saiti. Mai walda zai ce maka, "Alhaji, bar mini ita, zan miƙe ta." Zai miƙe ta ɗin, amma ƙarfen da ya lanƙwashe aka gasa shi da wuta ba ya komawa ƙarfinsa na da, kuma iyalinka za ka ɗauka a ciki ka hau babban titi.

Sai lissafin kuɗin da ya riga ya tafi. Kawuna yana da Fijo 504, irin haɗin Kaduna. Duk lokacin da aka ce ya rabu da ita sai ya ce, "Bayan duk abin da na kashe mata?" Yau lagireto, gobe kulochi, jibi birki, an toshe nan can ta ɓalle. Kuɗin jiya ba ya dawowa don an bi shi da na yau. Mafita ita ce ka sa bakanike ya rubuta maka duk abin da take buƙata a lokaci guda, har da kuɗin aiki, ka kai wa wani bakaniken da ba shi zai yi aikin ba ya duba. Sannan ka tambayi dillalai nawa irinta mai lafiya take a kasuwa. Idan gyaran ya kusa kamo wannan farashin, ni dai ba zan ba ka shawarar gyara ba.

Motar da ruwa ya shanye kuwa, irin abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, kada a yi gigin murza makulli don a ji ko za ta tashi. Ruwa ba ya matsuwa a cikin silinda, bugu ɗaya na iya lanƙwasa sandar fistin. A cire kan batir, a ja ta zuwa gareji, a zubar da mai, a kira mai wayarin ya duba.

Wasu kuma ba su gyara ba, ba su sayar ba, sun jingine ta a ƙofar gida sai Allah ya hore. Damina biyu ta isa: tayoyi su tsattsage, ɓeraye su cinye wayoyi, ɓata-gari su zare batir da fitilu.

In an yanke shawarar rabuwa da ita, kada a yi gaggawar sallama wa 'yan gwangwan da kuɗin nauyin ƙarfe kawai. Giya mai lafiya, altaneta, kik, gilasai da ƙofofi kowanne yana da mai nema. Akwai kuma abin nan na jikin salansa da kanikawa ke kira indomi, wanda ke ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su falatinam. Masu saye sun san darajarsa, mai mota ne sau da yawa bai sani ba. Ka ji farashi daga mutum biyu ko uku tukuna.

Kafin a ja ta, ka cire lambarta, ka riƙe takardunta a wurinka. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji, a bayyana cewa don a yanka aka sayar, mai saye da shaidu biyu su sa hannu. Idan wani ya tayar da ita ya yi aika-aika da ita, sunan da ke kan rajista 'yan sanda za su fara nema.