Yadda Ake Gwada Gilashin Kyamara Mai Araha da Mai Tsada

Wanda yake son sanin ko kuɗin da ake zubawa a kan gilashin kyamara mai tsada suna bayyana a hoto, sai ya haɗa gilasai biyu masu tsawon gani ɗaya, misali Canon EF 50mm f/1.8 STM da ya fito a 2015, da EF 50mm f/1.2L wanda farashinsa ya ninka na farkon kusan sau goma.

A ɗora kyamara a kan marikinta mai ƙafa uku, a sa ISO (ma'aunin yadda kyamara take jin haske) a kan 100, a zaɓi tsarin RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta yi wa gyara ba), sannan a manna shafin jarida a bango daidai da fuskar kyamarar. A daidaita gani da hannu, domin kuskuren na'ura kada ya zama laifin gilashi. Daga nan a ɗauki hoto da kowane gilashi a f/1.8, f/2.8, f/5.6 da f/8 (lambobin faɗin ƙofar hasken gilashi ne, ƙaramar lamba tana nufin ƙofar ta fi buɗewa), ba tare da an motsa komai ba.

Idan an buɗe hotunan a kwamfuta, a faɗaɗa su zuwa girmansu na asali, a fara duba kusurwoyi kafin tsakiya, saboda kusan kowane gilashi yana fitar da tsakiya tas. A buɗaɗɗiyar ƙofar haske ne rubutun gefe yake dusashewa, kusurwoyi su yi duhu, wani lokaci kuma a ga jirwayen shunayya ko kore a bakin abu mai haske. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, da an kai f/5.6 ko f/8, da wuya ido ya rarrabe hotunan biyu, kuma a wannan gwajin mai arahar ba ya jin kunya ko kaɗan.

Bayan jarida, a ɗauki fuskar mutum da fitilu a bayansa don ganin laushin abin da ke bayan mutumin a hoton, a kuma fuskanci rana don ganin yadda gilashin yake jure ƙyalli. A nan, da kuma ƙarin hasken da f/1.2 yake shigarwa a zauren biki mai duhu, mai tsada yake nuna fifikonsa. Yana kuma da kariya daga ƙura da danshi, abin da mai aiki a lokacin hunturu bai kamata ya raina ba. Amma mai ɗaukar hoton fasfo ko kayan shago da fitilar situdiyo, wanda aikinsa yake tsayawa a f/8, gara ya sa kuɗin a fitila mai kyau.