Yadda Ake Zaɓen Itacen Girki da Faskara Shi

Da farko ka san icen da kake nema. Kirya ce kan gaba, tana da tauri, garwashinta yana daɗewa, shi ya sa maƙera ke son gawayinta. Marke da bagaruwa da aduwa ma suna ci da kyau. Kuka kuwa kada ka wahalar da kanka, cikinta kamar soso yake. Tumfafiya tana cinyewa nan da nan, ba ta barin garwashin kirki. Sabara ƙirare ce ta hura wuta.

Sai ka gwada bushewarsa. Buga guda biyu da juna: busasshe yana ƙara tas, ba shi da nauyi, bakinsa ya tsattsage. Ɗanye sai hayaƙi da hawaye a madafa.

Kafin sara, duba ƙotar gatarinka. Idan tana girgiɗi, jiƙa ta a ruwa ko ka buga mata tsinke. Kori yara gefe.

Ɗora gungumen a ƙasa mai tauri, ka buɗe ƙafafu, ka sari inda tsaga ta riga ta bayyana. Wurin da reshe ya fito yana da gardama, ka bar shi sai ƙarshe.

Jera faskaren a kan duwatsu saboda gara, inda iska ke ratsawa.

Roƙona ɗaya: gawo da ɗorawa da kaɗanya masu rai, a bar su tsaye. Ka rage rassa kawai, kamar yadda manoman Maraɗi ke yi da sassaben zamani, wato rage tohon itace a gona maimakon tumɓuke shi, don icen ya sake tohowa.